Sawun Kaza a Rigar Isiyaku

Talata, 4 ga Fabrairu, da hantsi

Isiyaku bai dawo ba. Tun asuba ya fita, ya ce yau layinmu ne da ruwa, idan bai je ya tsaya a ƙofar ruwa da kansa ba za a sake yi mana irin ta wancan makon. Kokonsa na nan a rufe har ya yi fata. Inna ta ce in bar masa, ƙanen nan nawa ko ya huce shanyewa zai yi.

Talata, bayan azahar

An tsinci Malam Sammani a bakin ƙofar ruwa, kansa a fashe. Shi ne mai rabon ruwa na ɓangarenmu, makullin ƙofar da ke sako ruwa daga babban kanal zuwa gonakinmu a hannunsa yake. An wuce da shi Kano, ba ya magana, ba ya gane kowa. Baban Rufaida ne, ƙawata tun muna firamare.

A gefensa an tsinci riga.

Ban gan ta ba. Maƙwabciyarmu da ta shigo da labarin ta dube ni ta ce, "Irin taki ce fa, Fa'iza, mai zanen bilic." Daga nan ta kama bakinta, ta hau gaida Inna da aiki.

Wancan makon a gaban jama'a Isiyaku ya ɗaga wa Malam Sammani murya. Gonarmu ce a ƙarshen layi, kafin ruwa ya iso mana na gaba sun shanye, tumatirinmu ya fara laushi. Ya ce wallahi sai ya buɗe ƙofar nan da hannunsa ko wa ke tsaye a kanta. Kowa ya ji. Ni ma da ya dawo gida na ce masa ya yi daidai.

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa nake rubutawa.

Laraba, 5 ga Fabrairu, da safe

Bai dawo ba.

Duk ƙauyen nan ba mai yin rigar bilic sai ni. Tun bara nake yi. In sayo baƙaƙen riguna na gwanjo, in murɗe su, in ɗaure da robar da na yanka daga tsohon tub ɗin keke, in zuba bilic, in jira baƙin ya saki. Inda roba ta kama ya zauna baƙi, sauran ya koma wani launi. Kakanmu marini ne a Kura. Inna takan ce ikon Allah, gidan marina an haifi mai goge rini.

Kuma ga bakina. Ba wanda ban gaya wa ba: "Rigata ba guda biyu iri ɗaya, ko ni da na yi ba zan iya maimaitawa ba." A kasuwa na faɗa, a waya na rubuta, a ƙarƙashin hoton Isiyaku ma na rubuta, yana tsaye a bakin kanal yana wani ɗaga kafaɗa kamar shi ya gina shi. Hoton nan yana wayar rabin samarin garin nan.

Tasa ce ta farko da na fara yi. Na shimfiɗa ta a tsakar gida, na shiga ɗauko ruwan ɗauraya, sai jar kazar Inna ta taka cikin farantin bilic ta bi ta kan rigar. Sawunta ya fito raɗau a ƙasan bayan rigar. Na ce a yar, ya ce shi ita yake so. Har abokansa suka koma ce masa Sawun Kaza.

Wataƙila ba tasa ba ce aka tsinta. Na sayar da riguna da yawa.

Laraba, bayan la'asar

Na karɓo wayarsa a wajen mai caji. Tun daren Litinin ya kai ta. Ke nan ba ma inda zan kira.

A hanya na haɗu da Sagiru, abokinsa. Ya ja ni gefen shagon taki yana waige-waige. Ya ce, "Yaya Fa'iza, kar ki neme shi. Duk wanda ya ga abin da ya faru a wajen nan, ko shi ya yi ko ba shi ya yi ba, gudu zai yi. Ya ɓuya ne. Ki bari maganar ta kwanta, zai fito da kansa."

Na ce, "Ka gan shi?"

Ya ce bai gan shi ba, amma shi ma da shi ne haka zai yi.

Na riƙe maganar nan da hannu biyu. Da na shiga gida na ce wa Inna an ga Isiyaku ya bi motar tumatir zuwa Ikko, yaran mota sun gaza aka ɗauke shi. Samari na yin haka, su yi mako biyu ba a ji ɗuriyarsu ba. Ta ce, "Ba ko sallama?" Na ce motar ce ta yi sauri. Ta ci gaba da tsince shinkafarta.

Alhamis, 6 ga Fabrairu, da hantsi

Mai Unguwa Muhammadu Sani ya aiko kirana. A zaurensa, daga shi sai ni. Ya jawo wata baƙar leda daga ƙarƙashin buzu ya buɗe.

Na ga sawun. Sauran abin da ke jikin rigar ba zan rubuta sunansa ba.

Ya ce, "Hukuma sun zo jiya, za su dawo. Ban miƙa musu wannan ba tukuna, don in na miƙa ta, suna na miƙa. Ta wace ce?"

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ta Isiyaku ba ce. Shi yana Ikko. Mutane sun so zanen nan, na yi wa wasu irinsa na sayar a kasuwar Bunkure. Tasa tana gida."

Ya ce, "To ki nemo ta, in gani da idona."

Na ce tana cikin kaya, sai na bincika. Ya ce in bincika a hankali, amma kar in daɗe.

Na dawo gida na buɗe jakarsa, duk da na san rigar ba ta ciki.

Juma'a, 7 ga Fabrairu, da yamma

Na shiga Kano wajen 'yan gwanjo, na kwaso baƙaƙen riguna masu girman tasa. Mai rumfar har tsokanata ya yi, wai ko ɗinkin makaranta aka ba ni.

Abin da mutane ba su sani ba, baƙi ba ɗaya ba ne. Kowace baƙar riga da launin da ke kwance a ƙarƙashinta, ba ka sani sai bilic ya taɓa. Wata ta koma ruwan goro, wata ruwan hoda, wata toka-toka. Ta Isiyaku ruwan goro ce, tsakiyar murɗin ya kusa fari saboda na bar ta ta daɗe.

Na ɗiga wa kowace a cikin kalmasa, inda ba a gani. Yawancinsu ba su yi ba.

Asabar, 8 ga Fabrairu, da azahar

Ta farko: launin ya yi, murɗin ya karkace.

Ta biyu: na bar ta ta daɗe don tsakiyar ya yi fari, bilic ya cinye ta, ta huje kamar ɓera ya kwana a kai.

Na jingina wayata da turmi, hotonsa a buɗe, ina murɗawa ina kallo. Sai ya zama ba rigar nake kallo ba, fuskarsa nake kallo. Da na farga, bilic ya wuce lokacinsa.

Inna ta ajiye masa tuwo. Ta ce ko motar za ta juyo da wuri.

Lahadi, 9 ga Fabrairu, da safe

Mata sun daina aiko yara sayen kalwa wajen Inna. Ba wanda ya ce komai. Gaisuwa ce kawai ta gajarce.

Na kira Rufaida, ba ta ɗauka ba. Na ji daɗin da ba ta ɗauka ba. Me zan ce mata?

Lahadi, bayan la'asar

Inna na jin rediyo a gindin darbejiya, ina ɗauraya. Aka shiga sanarwar cigiya. Na ji an ce "wani saurayi", na ji an ce "titin Zariya". Kafin a ƙarasa na kai hannu da kumfa da komai na kashe. Na ce batir zai ƙare, a bar shi saboda tafsiri.

Tsoro nake kada a ce ana neman wani saurayi ruwa a jallo, kada a faɗi suna, kada Inna ta ji daga bakin rediyo.

Ta dube ni, ta dubi hannuna. Ba ta kunna ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu, da hantsi

Bai dawo ba.

Talata, 11 ga Fabrairu, da azahar

Yau murɗin ya zauna. Na tuna ashe ranar da na yi tasa ban iya ba tukuna, da cokali mai yatsu na murɗa, kuma ta hagu na juya. Yanzu da na ƙware hannuna ya ƙi yin kuskuren da ya yi a da. Sai da na koma na riƙe cokalin kamar 'yar koyo.

Saura sawu. Na gwada zanawa da tsinke, ya fito kamar aikin ɗan aji ɗaya. Na gwada da kara, haka. Daga ƙarshe na watsa tsaki a ƙofar ɗaki, na lallaɓa na cafke jar kazar. Ta cika gidan da kuka. Na tsoma ƙafarta a faranti na danna a bayan rigar, tana fisge-fisge, ina cewa yi haƙuri, yi haƙuri, kamar mutum. Na wanke mata ƙafar da ruwa mai yawa na sake ta, ta tafi tana zagina da yarensu.

Da na ɗago, Inna na tsaye a ƙofar madafa. Ta ce, "Ke, kazar nan me ta yi miki?"

Na ce talla nake so in yi, zanen ya samu karɓuwa.

Ta ce, "Uhm."

Da a wani lokaci ne da mun yi dariya har mu faɗi. Isiyaku ne ma zai fi kowa.

Laraba, 12 ga Fabrairu, da yamma

Sabuwa ce, kuma da gani an san sabuwa ce. Tasa ta sha wanki, ta sha rana, wuyanta ya saki.

Na wanke ta na shanya, na sake wankewa. Na dirje wuyan a kan dutsen wanki. Na rataya ta a ƙusa na ja kafaɗun. Na shafa mata ƙasar gona na sake wankewa sama-sama. Duk da haka warin bilic na nan, ko kuma a hancina yake, ban sani ba. Na sa ta a jakarsa tare da sauran kayansa, na ɗiga mata turarensa mai hawa kai, wanda kullum nake ce masa na 'yan acaɓa ne.

Da ƙamshin ya tashi sai na zauna a bakin katifarsa.

Hannuwana sun tsage. Ledar da nake ɗaurawa ba ta hana komai, bilic na shiga ta baki. Fatar yatsuna na saɓulewa, ruwan alwala ma zafi yake min. Na shafa man kaɗanya na ja hijabi na rufe.

Alhamis, 13 ga Fabrairu, bayan azahar

Na kai.

Wannan karon da dattawa a zauren, da ƙanen Malam Sammani. Aka shimfiɗa biyun a tabarma. Aka ciro waya aka duba hoton. Tawa ce ta fi kama da hoton, don ɗayar ta ɓaci da laka da wancan abin, ba a ganin murɗinta sosai.

Ƙanen Malam Sammani ya ce, "Ba ke kike cewa ba guda biyu iri ɗaya ba?"

Na ce, "Talla ce, Baba. Mai sayarwa ai ba abin da ba ya faɗa."

Wani ya yi 'yar dariya. Wani ya ɗauki tawa ya shinshina ya ce lallai turaren yaron nan ne, ko a masallaci da shi ake gane ya shigo.

Ƙanen ya ce a kawo Alƙur'ani in dafa. Mai Unguwa ya ɗaga hannu ya ce, "Ba zan sa ta rantse ba. 'Yar marigayi Ibrahimu ce, ubanta bai taɓa yi min ƙarya ba."

Da ya sa ni na rantse ɗin, da wataƙila ya fi min sauƙi.

Sun yarda. An ce baƙo ne ya sayi riga a kasuwa, ɗaya daga ɓarayin injin ban-ruwa ne wataƙila. Sunan Isiyaku ya fita.

Juma'a, 14 ga Fabrairu, da safe

An aiko sayen kalwa.

Na gaya wa Sagiru ya watsa a cikin samari cewa magana ta mutu, duk inda yake ya ji ya fito. Na yi miyar kuka da yawa ko da zai shigo da yamma.

Asabar, 15 ga Fabrairu, da magariba

Bai dawo ba.

Litinin, 17 ga Fabrairu, da hantsi

Motocin da suka tafi Ikko makon da ya ɓace sun fara dawowa. Ban san Inna ta fita ba, sai ganinta na yi ta shigo da mayafinta a hannu. Ashe har wajen lodin tumatir ta je da ƙafarta, ita da ba ta wuce ƙofar gida sai biki ko gaisuwar mutuwa. Ta tambayi yaran mota ɗaya bayan ɗaya.

Ni ce 'yar fari, tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" ce, ko "yarinyar nan". Yau ta tsaya a kaina ta ce, "Fa'iza. Ina ɗana?"

Na ce wataƙila wata motar ya bi, ta Fatakwal.

Ta shiga ɗaki ta sako labule.

Talata, 18 ga Fabrairu, da azahar

Na bi bakin kanal. Na ce wa kaina gona zan duba, Sagiru na ba ta ruwa amma ba kamar mai ita ba. Ban tsaya a gonar ba. Na wuce har inda ƙarafan nan suke, masu tare shara kafin ruwa ya shiga ƙarƙashin hanya. Ledoji, kara, mataccen ɗan akuya, takalmi wari ɗaya. Na sa sanda na jawo takalmin. Na mace ne.

Mutum in ya ɓuya, ba zai aiko ko da yaro ya ce wa uwarsa yana raye ba? Isiyaku da ko Garun Malam ya je sai ya kira ya ce me za a sayo?

Ga abin da na yi wa kaina. Ba zan iya cewa a taya ni nemansa ba, don ni na ce yana Ikko. Ba zan iya cewa a tsayar da ruwa a duba kanal ba, don ni na kai riga na ce ga tasa. Na rufe bakin kowa, har da na masu nema.

Tsoro nake ji. A da ina tsoron a same shi. Yanzu ina tsoron kada a same shi, kuma ina tsoron yadda za a same shi.

Laraba, 19 ga Fabrairu, da safe

Inna ta daina ajiye tuwo. Wannan ya fi komai tayar min da hankali.

Alhamis, 20 ga Fabrairu, bayan la'asar

Rufaida ta zo. Daga asibiti ko gida ba ta biya ba. Ta rame. Ta ce Babanta ya farfaɗo jiya, yau ya yi magana.

Bai san abin da ya same shi ba. Ya ce ya sunkuya a kan makulli, daga nan sai jin kansa ya yi a ruwa. Ko santsi ne, ko mutum ne, Allah kaɗai ya sani. Abin da ya riƙe shi ne wani ya jawo shi waje ta wuyan riga. Wanda ya jawo shi ya tuɓe rigarsa ya ɗaure masa kai tamau, yana cewa, "Baba, kar ka yi barci. Baba, kar ka yi barci, bari in je titi in tsayar da mota." Likita ya ce ba don ɗaurin nan ba da bai kai ba. Sai yau wanda ya tsince shi daga baya ya ce shi ya kwance rigar don ya ga ciwon, ya yar a gefe, a da ba wanda ya tambaye shi kuma shi bai faɗa ba.

Rufaida ta ce, "Baba ya ce a kira masa Isiyaku. Na ce ai yana Ikko. Ya ce Ikko ta ina, yaron da ya riƙe kaina a cinyarsa?"

Ta kama hijabina ta ɗaga, ta dubi hannuwana. Ta ce, "Innalillahi. Fa'iza, me kika yi?"

Titi. Ya ce zai je titi.

Na tuna rediyo.

Alhamis, kafin magariba

Da gudu na je, ko takalmi ban daidaita ba. Na durƙusa a gaban Mai Unguwa na shimfiɗa masa hannuwana. Na ce, "Ranka ya daɗe, wadda na kawo ni na yi ta. Ta cikin ledar ita ce tasa."

Bai yi min faɗa ba. Fuskarsa ce ta sauya, ya dafe kai. Ya ce satin da ya wuce wani direba ya zo har zauren nan. Yana bin garuruwan bakin titi yana cigiya. Da asubar Talatar da aka tsinci Malam Sammani wani saurayi ya faɗo titi a guje yana ɗaga hannu, ba riga, ba waya, ba komai a aljihunsa. Direban ya taka birki, bai isa ba, ya buge shi. Shi ya kai shi asibiti a Kano, shi ke ta ɗawainiya da shi, har rediyo ya kai sanarwa.

Mai Unguwa ya ce, "Na ce masa mu ba mu da yaron da ya ɓata. Na ce namu ɗaya ne ba ya nan, shi kuma yana Ikko, yayarsa ta tabbatar."

Na ce, "Yana da rai?"

Ya ce ranar da direban ya zo dai yana da rai. Ya bar sunan asibitin da lamba, an kira, ba ta shiga. Gobe da sassafe za mu tafi.

Na gaya wa Inna komai. Ta ce, "Tun ranar da kika kama kazar nan na sani. Na zaci kin san inda yake, shi ya sa na yi shiru." Ita tana jira in faɗa, ni ina jira ya fito.

Ya Allah, kar ka kama shi da laifina. Ya Allah.

Juma'a, 21 ga Fabrairu, da yamma

Yana da rai.

Bari in sake rubutawa. Yana da rai.

Gadon ƙarshe, jikin taga. An aske masa kai, ƙafarsa a naɗe har cinya, ya zama kamar ba shi ba. Ma'aikatan asibitin, "Bawan Allah" suke ce masa, don ba su da wani sunan. Sun ce yana buɗe ido, yana haɗiyar kunu, amma tun da aka kawo shi bai ce uffan ba. Wata tsohuwa mai jinyar ɗanta a gadon kusa ita ke goge masa baki. Ta ce kullum idonsa na kan ƙofa. Ta ce, "Na ce yaron nan da gani yana da 'yan uwa, ko ina suka shiga?"

Ni kuwa a lokacin ina tsakar gida ina kokawa da kaza.

Inna ta zauna ta kama ƙafarsa mai lafiyar, tana ta kiran sunansa a hankali. Ya dube ta, hawaye ya gangaro masa ta gefen ido, bai yi magana ba. Mai Unguwa ya sunkuya ya ce masa Malam Sammani ya tashi, yana gaishe shi. Ya lumshe ido.

Wani tsohon zani kawai aka rufa masa. Da za mu fito da safe Inna ta zari jakarsa yadda take, rigar da ke sama kuwa ita ce tawa. Ta ciro ta ce in taya ta mu sa masa. Na so in ce a ɗauko wata, amma ta riga ta warware ta.

Kafin mu sa, ya ɗora hannu a kanta. Ya jawo ta kan ƙirjinsa, ya juya bayan da yatsu biyu, a hankali, har ya kai ƙasan. Ya daɗe yana kallo. Rigar da dattawa suka juya suka shinshina suka yarda.

Leɓensa ya motsa. Na kai kunnena.

Ya ce, "Yaya."

Na ce, "Na'am. Ga ni."

Ya ce, "Wannan ba tawa ba ce. Kazata fita take yi. Wannan shigowa take."

Inna ta yi wata irin dariya da ta koma kuka, tsohuwar nan ta hau kabbara, aka ruga kiran likita. Ni na zame ƙasa na kifa kaina a ƙarfen gadon. Ina jin yatsunsa a kan hijabina.

Asabar, 22 ga Fabrairu, da hantsi

Likita ya ce ƙafar za ta daɗe, maganar ma a hankali za ta dawo. Inna ta zauna a wajensa, ni na dawo in haɗa musu kaya.

Mai Unguwa ya aiko da ledar. Na jiƙa rigar a ruwan sanyi da gishiri tun safe, na sauya ruwan, na sake sauyawa. Na duba inda yatsun sawun suka fuskanta. Fita take yi.

Jinin ba zai fita duka ba. Ba zan sa mata bilic ba.